Malam Garba Mai Keken Rubutu da Littafin Liman

Ina gona muna ɗaurin gero, hantsi ya ɗaga, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Auwalu ne, babban ɗan Malam Garba. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Yaya Nasiru, Baba ya cika." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan dami. Kwana tara Malam ya yi a kwance, kuma duk wanda ya je dubiya da zancen sauƙi yake dawowa. Na bar wa ƙannena aikin, na hau babur zuwa Ɗanbatta. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Garba ya yi shekarun ƙarfinsa yana buga takardu a ofishin gwamnati, tun zamanin keken rubutu, kuma sunan Mai Keken Rubutu ya bi shi har kabari. Da ya yi ritaya sai ya buɗe shagon kwamfuta kusa da tasha. A nan na same shi shekara bakwai da suka wuce, na zo neman aiki riƙe da takardar difiloma, kaina ya kumbura. Na ga tsoho yana dukan madannai kamar suna da laifi, na ce a raina wannan ni zan koya masa. Allah Ya yafe mini, ban san inda na zo ba.

Mutum ne da ba ya sakin takarda sai ya karanta wa mai ita da baki, musamman wanda bai yi boko ba, har sai ya ce haka nake nufi. Yana da wani kwali a ƙarƙashin tebur, duk takardar da ta lalace, in akwai sunan Allah a jikinta, nan take shiga, ba ta zuwa kwandon shara. Idan na tsuke fuska don ya sa na sake buga shafi saboda kuskure ɗaya, sai ya ce, "Nasiru, takarda ba ta da baki, amma tana tona asirin wanda ya buga ta."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne aikinsa na ƙarshe. Bara da rani, limamin wani ƙauye da ke gabas da gari, Malam Idi, ya zo da wata gafaka. A ciki akwai tarihin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, wanda ya rubuta da Hausa cikin ajami a tsawon shekaru. Jikokinsa boko suke karantawa, yana so a mayar musu da shi boko. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ta kama ɗayan, kuma likita ya ce ko an yi aiki ba lallai ganin ya dawo ba. Ya ce, "Malam Garba, ina so in gan shi da idona kafin hasken ya tafi." Malam ya ce in sha Allahu.

Muka raba aiki, shi yana karanta ajami, ni ina bugawa. A duk inda Liman ya ambaci Annabi ya rubuta salati da Larabci, don haka muka yi amfani da alamar nan da kwamfuta ke da ita, wadda ta dunƙule salatin gaba ɗaya wuri guda. Nan matsala ta taso. Alamar ba ta cikin samfurin haruffan da muke bugawa da shi, sai kwamfuta ta aro ta daga wani samfurin da ya fi tsawo. Duk layin da ta faɗa a ciki sai ya ture na samansa da na ƙasansa. A littafi irin wannan kuwa, shafi ɗaya yana iya ɗaukar salati goma. Wani layi ya buɗe, wani ya matse, kamar kunyoyin da sabon shiga ya yi da garma.

Ni mutum ne mai gaggawa, ban ɓoye ba. Ranar da Malam ya tafi ɗaurin aure Shanono, na umarci kwamfuta ta cire alamar ko'ina ta sa haruffa uku na boko da aka saba gajarta salati da su. Cikin ƙiftawar ido layuka suka miƙe. Na fitar da shafi ashirin, ina jiran yabo.

Washegari Liman ya zo. Ya karɓi takardun, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kai shafi dab da fuskarsa, ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa. Ya juya na biyu, ya juya na uku. Sannan ya haɗa su ya miƙa wa Malam da hannu biyu, ya ce, "Ina jin an yi musanya. Wannan ba littafina ba ne."

Ban taɓa kawo wa raina cewa Liman ba ya karanta boko ba. A shafukan nan gaba ɗaya, abu ɗaya ne tak idonsa zai gane, shi ne salatin da ke cikin haruffan da ya sani, kuma shi na kwashe. Kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba. Malam bai tona ni ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, kuskuren shago ne. Ka ba mu mako guda." Sai da tsohon ya tafi ya juyo gare ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Garin neman gira ka rasa ido. Layi ne ya karkace, layi za ka gyara, ba maganar mutum ba."

Ya jawo kujera. Ya ce tunda kwamfuta ce ke zaɓa wa kowane layi tsayinsa bisa ga harafin da ya fi tsawo a ciki, to mu ƙwace zaɓin, mu yanka mata awo ɗaya da kowane layi zai bi. Muka mayar da alamar, muka sa awon. Layuka suka daidaita, amma saman alamar ya gutsure domin awon ya yi mata kaɗan. Na ce ai ba wanda zai lura. Ya ce, "Ni na lura." Ya rage girman alamar kaɗan, ya ƙara awon kaɗan, ya fitar a takarda, ya ɗora rula, ya sake. Bai bari ta ƙanƙance ba, saboda idon Liman. Sau goma sha ɗaya muka gwada kafin ya ce to. Daga ranar, kowane shafi sai ya bi shi da fensir yana duba salati ɗaya bayan ɗaya, yana kwatantawa da ajamin, kada a tsallake ko guda.

Saura shafi talatin da huɗu ciwo ya kwantar da shi. Da na je dubiya na ce ya huta, aiki ba ya gudu. Ya kama hannuna ya ce, "Aiki ba ya gudu, amma idon Liman yana gudu."

Bayan sadakar uku na buɗe shagon. Ajamina ba shi da ƙarfi, inda na kakare na tafi wurin malaman zaure na tambaya, ban yi ƙirƙira ba. Na bi kowane shafi da fensir, ni da ba na iya zama wuri ɗaya. Kwana goma sha biyu na yi, na ƙi karɓar kowane aiki, masu jin haushi suka ji.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa Liman littafin. Sai da aka riƙo hannunsa aka fito da shi ƙofar gida, ganin ya ragu ƙwarai. Ya buɗe tsakiya, ya kai takardar har tana taɓa hancinsa, yatsansa yana lalube. Na ce a raina na makara. Can sai yatsan ya tsaya, na ji ya yi salati a hankali. Ya gangara, ya sake tsayawa, ya sake yi. Haka ya bi shafin har ƙarshe, hawaye na zuba a gemunsa. Ya ce, "Na gan shi. Duk wanda ya yi salati a cikin littafin nan, ya Allah Ka sa Garba a cikin ladan." Duk waɗanda ke wurin muka ce amin.

Shagon yana nan a buɗe, kuma muddin ni ne a kan kujerar, ba takardar da za ta fita ba a duba ta ba.

Allah Ya ji ƙan Malam Garba, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa Ya haskaka shi, Ya haɗa shi da Annabin da ya tsare wa salati. Allah Ya ba Hajiya Binta, mai ɗakinsa, da Auwalu da ƙannensa haƙurin wannan rashi, Ya zame musu gata, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.