Hannun Tabawa Bai Kai Kunne Ba

Shekara talatin da biyar na yi ina cin alli, amma ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ta ɗaukar sababbin ɗalibai a farkon 1972. Lokacin ina ƙaramin malami a wata firamare tsakanin Gaya da Kademi, aikina riƙe rajista.

Ku yaran yanzu takardar haihuwa kuka sani. Mu a zamaninmu kimiyya ta yi nisa. Yaro zai ɗora hannun dama ta saman kai, ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, shekararsa shida, a rubuta shi. In bai kamo ba, jariri ne, ko da gemu ya zo.

Hedimastanmu, Malam Garba, mutum ne kakkaura, wuya a cike, kuma ya riƙe wannan awo kamar da shi aka saukar da shi. Ran nan har wani ɗan shekara huɗu muka rubuta, don Allah ya hore masa dogon hannu. Yana kuka yana kiran innarsa, mu kuwa muna yi masa barka da isa karatu.

Sai ga Malam Sule, wani manomi daga Balan, da 'yarsa Tabawa. A lokacin da mutane ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don gudun boko, shi da ƙafarsa ya kawo tasa, karo na biyu ke nan. Baƙon dauro ya taɓa kwantar da ita, sai ta tsumbure, jiki ya ƙi tafiya. Amma kan nan nata tangaran yake.

Ta ɗaga hannu, ta yi ta miƙa har da ɗage. Saura kamar yatsa biyu.

"Ranka ya daɗe," in ji uban, "dubi bakinta, ta yi famfara tun bara. Izu biyu gare ta a allo. Shekarar da aka haƙa rijiyar masallaci aka haife ta, kowa ya sani."

"Ni ba rijiya na zo aunawa ba," in ji Hedimasta. "Kunne doka ta ce."

Yarinyar ta ƙura masa ido, ta ce, "Malam, to kai ma taɓa naka mu gani."

Wai don ya koya mata yadda ake yi, sai ya ɗaga hannun. Ƙiba ta tokare shi, hula ta faɗi, yatsu suka tsaya a tsakar ka. Bisa dokarsa, shugaban makarantarmu bai isa shiga aji ɗaya ba. Iyaye suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Ya daka mini tsawa: "Malam Idi, na gaba!"

Alƙalami na hannuna, layi ɗaya kawai zan cike. Na dubi uban, na tuna ina jiran a tabbatar da ni a aiki, na kira na gaba. Wannan jarumtar tawa har yau tana ba ni kunya.

Da shekara ta zagayo suka dawo, hannu ya kai kunne har ya yi saura. Hedimasta ya dubi haƙoranta, waɗanda bara ya ƙi kallo, ya ce ta wuce takwas, ta yi girma da aji ɗaya. Shekara biyu tana ƙanƙanta, a ta uku ta tsufa.

Bayan shekaru, ina hedimasta a ƙasar Ajingi, wata gajeriyar mata ta shigo ofis da 'yarta. Ba mu gama gaisawa ba ta ce da yarinyar, "Taɓa kunnenki." Ta taɓa. Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, wannan dai ta kai ko?"

Sai a lokacin na gane Tabawa ce. Na rubuta sunan 'yar.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, mun fi son abin da ake aunawa a tsaye cikin minti ɗaya, don sanin yaro sai an zauna an saurare shi. Tabawa ta ci jarrabawa tun ranar farko. Mu da muke riƙe da rajista ne hankalinmu bai kai ba.