Ankon Gidan Baba Yohana

Ƙannena, ku matso ku ji. Ni ɗin nan da kuke gani ina ban ruwa a garkar albasa, ɗan majami'a ne a wani ƙauye kusa da Malbaza, har ganga nake kaɗa wa mawaƙa ranar Lahadi. Allah ya ba ni daɗin baki, ni kuma na kai shi inda bai dace ba.

Da ƙaramin abu na fara. Ina taya wani dillali cika buhunan albasa, manya a sama, ruɓaɓɓu a tsakiya. Da na ga ba wanda ya kama mu, sai na ce ashe haka duniya take da sauƙi! Na bar majami'a, na koma kasuwar Ƙonni ina sayar da irin albasa. Tsohon iri da ya riga ya mutu nake samowa, in murza shi da ɗan mai ya yi ƙyalli, in rantse wa manomi cewa na bana ne.

Cikin waɗanda na cuta har da Baba Yohana, dattijon majami'armu, wanda ya san ni tun ina goye. Ko duba irin bai yi ba. Ya ce, "Ɗan gida ya kawo, mi zan duba?" Ya yafa a fangali, ya yi ta ban ruwa, ko tsinke bai fito ba. Noman ranin shekarar ya wuce shi haka nan. Shi bai kai ƙara ba, amma sauran manoma sun kai, jandarma suka ɗauke ni a tsakiyar kasuwa ina cikin yi wa wani rantsuwa.

A kaso, wato gidan yari, abu ɗaya ke cin raina: da wane ido zan sake kallon tsohon nan? Rannan sai ga shi da kwanon dambun zogale. Na laɓe bayan mutane. Ya ce, "Kai, fito, dambun zai huce!" Na fito ina kuka, na ce, "Baba, in na fita zan yi maka noma kyauta har ka huce." Ya kwashe da dariya, ya ce, "Kai da ko fartanya ba ka iya riƙewa? Na yafe maka tun kafin su kama ka. Ni ma haka Yesu ya ɗauke mini nawa laifin, ban ba shi komai ba." Ban yarda ba. Ni da na saba cuta, na ɗauka akwai abin da ya ɓoye a ƙasa.

An sake ni dab da Kirsimeti. A wurinmu kowane gida kan yanki yadi iri ɗaya, su ɗinka anko, da an gan ka an san gidanku. Ƴan'uwana ba su sa da ni ba, ban kuma ga laifinsu ba. Da safiyar ranar Baba Yohana ya kira ni gidansa, ya miƙo mini riga ta yadin iyalinsa. Da tsohuwar ƙibata ya kwatanta wa tela, kaso kuwa ta tsotse ni. Da na sa, wai! Sai ka ce an rataya buhu a kan sanda.

Na lallaɓa na shiga majami'a, na zauna a bencin ƙarshe. Matar Baba Yohana, Inna Rahila, ta waigo ta gan ni. Ta ce, "Wa ya ce maka nan masu wannan yadin ke zama? Tashi, malalaci!" Ta ja hannuna har gaba, cikin ƴaƴanta. Fasto ya yi wa'azi cewa adalci ba abin da mutum ke ɗinka wa kansa ba ne, Allah ke sa masa shi kyauta saboda Almasihu. Na dubi rigar jikina, hawaye na zuba, ina kuma dariya. Ran nan na tuba da gaske. Bayan sujada wani baƙo ya nuna ni ya ce, "Wannan fa?" Baba ya ce, "Namu ne."

Yanzu a garkarsa nake aiki, har yau kuma yana tsokanata da yadda nake riƙe fartanya.

Ƙannena, kada ku bi hanyata. Cuta ko ta albasa ɗaya ce, ku guje ta, don ni da ita na kai kaso. Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada ya tsaya wai sai ya wanke kansa kafin ya komo wurin Allah. Ni da ƙaiƙayin kaso a jikina aka sa mini rigar.