Takardar da Ban Kai Basirka Ba

Jama'a masu karatu, abin nan da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, wallahi tallahi, kuma yanzu da na tsufa haƙora suka ƙare ban ga ribar da zan ci ba in na yi muku ƙarya. Shekaru kaɗan ne kafin zuwan Nasara, ina muhuti a zauren wani alƙali a wani gari tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Sunan garin ku bar ni da shi, jikokin mutanen suna nan da ransu. Yau in ka je ba abin da za ka gani sai tudun ƙasa da awaki a kai, tun da aka sake yanka ƙasa aka ɗauke shari'a aka kai wani wuri, amma a zamanin nan zaure ne mai kwarjini, tun daga Wurno har wajen Kwandiko mutane na zuwa da rikicin gona da na gado. Aikina in rubuta abin da alƙali ya yanke, in kuma kai takarda duk inda ya aike ni. Ina ji da kaina ba kaɗan ba, rawanina ma ya fi kan nawa girma.

Cikin marka ne aka kawo wani mutum da marin ƙarfe a ƙafa, sunansa Habu. Wani falke ne ya biyo da shi ta garin cikin bayinsa, da suka zo tsakiyar kasuwa sai Habu ya zube ƙasa yana kururuwa wai shi ɗa ne ba bawa ba, dole aka kai su gaban alƙali. Ya ce shi masaƙi ne daga wani ƙauye bayan Basirka, mahara suka tare shi a hanyar cin kasuwa suka sayar. Falke kuwa ya ce shi dai saya ya yi, kuma kowane bawa haka yake faɗa. Ka'idar zauren ita ce, wanda ya ce shi ɗa ne sai ya kawo shaidu biyu da suka san asalinsa. Alƙali ya ba shi kwana goma, kuma tunda Habu yana ɗaure, ya sa na rubuta takarda zuwa ga limamin ƙauyensu, ya ce ni zan kai da ƙafata.

Da zan fita Habu ya kama bakin rigata, ya ce in na isa in tambayi gidan uwarsa, Inna Tabawa mai daddawa, ko yaron goye ya san ta. Na fizge rigata na ce kada ya ɓata mini ita.

To, tsakanina da Basirka akwai kogi, na kuwa tarar da shi ya cika ya batse, ja wur, yana jan itatuwa da jijiyoyinsu. Yadda ake fito a wurin, sai ka tuɓe, a zuba kayanka cikin wani ƙaton gora, ka rungume shi, mai fito yana iyo yana tura ka har ɗaya gacin. Ni kuwa ban iya ruwa ba, ko rijiya ba na son leƙawa. Ga kunya, malami guda, muhutin alƙali, in tuɓe gaban ƙauyawa ina makyarkyata? Ina zaune ina kallon mata da goyo suna ƙetarewa suna hira abinsu. Masu fito suka yi ta tsokanata, wai Malam ko gora biyu za a haɗa maka. Da na ba ɗayansu takardar ya kai, da shi ke nan, amma girman kai ya hana, don kada a ji a gari cewa na kasa. Kwana biyu na yi a bakin ruwan nan, na uku na juya.

Na durƙusa gaban alƙali na ce na je, na ga liman, babu wanda ya san wani Habu, babu wata Tabawa. Allah ya gani, bakina ko rawa bai yi ba. Habu bai yi ihu ba, kallona kawai yake yi. Alƙali ya tabbatar wa falke da bawansa, falke kuwa don haushin kwanakin da aka ɓata masa ya sa aka ɗaure shi a turken kasuwa aka yi ta tsula masa bulala har bayansa ya fashe, mutane na cinikinsu. Na bi ta wajen na sayi goro.

Kashegari aka nemi Habu aka rasa. Bayan kwana uku masu fito suka aiko da labari, wai wani mutum ya iso bakin kogi yana jan mari, ya ce shaidunsa zai je ya ɗauko, suka ƙi ɗaukarsa don tsoron ubangidansa, shi ko ya faɗa ruwan haka nan da ƙarfen a ƙafa. Ba a ga ko gawarsa ba. Ni abin da na ji a raina, kada in ɓoye muku, sanyi ne, na ce asirina ya rufu. Takardar kuwa tana nan cikin gafakata, na kasa ƙona ta saboda akwai sunan Allah a jiki.

Rani ya yi, kogi ya ƙafe sai yashi, aka sake aikena wajen Gwaram kan wata maganar gado. Rana tsaka na shiga yashin nan, zafi kamar ƙafa za ta toye, ba kowa ko tsuntsu. Ina tsakiya sai na ji ƙarar ƙarfe a bayana, kacau, kacau, in na tsaya ta tsaya. Na waiga. Wallahi shi ne, Habu, tsaye, ruwa na zuba daga jikinsa, yashin da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf, bayansa da shatin bulala ɗanye. Ya miƙo hannu, da ladabi kamar yadda ya yi magana a zaure, ya ce, "Malam, ba ni takardar in kai, tunda kai ba ka iya ba."

Ban san lokacin da na buɗe gafaka na miƙa masa ba. Yatsunsa sun taɓa nawa, sanyi ƙalau. Ya juya ya nufi gacin Basirka yana jan ƙafa, ni kuwa na kwasa a guje na bar takalmi ɗaya a wurin. Mako guda na yi kwance da masassara, na ce wa iyalina rana ce ta buge ni.

Ranar da na koma aiki, da hantsi, zaure cike, sai ga wata tsohuwa da dattawa biyu, ƙafafunsu fari fat da ƙura. Ta kwance bakin zanenta ta fito da takarda, rubutuna ne, tawadar ta ɗan narke, takardar da danshi. Ta ce ita ce Tabawa, ɗanta Habu ne ya kawo mata har ƙofar gida, ya ce ta yi sauri da shaidu kada kwana goma su cika, ta shiga ɗebo masa ruwan sha ta fito ba ta gan shi ba. Ga shaidu ta kawo, ga kuma dakuwa ta yi masa, a fito mata da shi.

Alƙali ya dubi takardar, ya dube ni, ya daɗe, na tabbata ya gane. Amma in ya tona ni ya tona hukuncinsa, sai ya ce an riga an yanke shari'a, kuma wanda ake magana a kansa ruwa ya ci shi tun damina, matacce ba shi da ƙara. Haka ta ji mutuwar ɗanta, a tsaye, da ƙunshin dakuwa a hannu. Da ta fara kuka ya sa dogari ya fitar da ita.

A waje ta tare ni, don ta ga ni ne mai alƙalami, ta roƙe ni in karanta mata abin da ke cikin takardar. Na karanta mata tas. Ta sa mini albarka, ta ba ni dakuwar. Sannan ta tambaye ni wane ne aka fara aikawa da ita, na ce ai mutumin ya bar garin tuni.

"Ayya," in ji ta. "Habu ya ba ni saƙo gare shi. Ya ce in gaya masa kada ya ji tsoro, duk ranar da ya tashi ƙetarewa, shi zai riƙe masa gora."

Har yau ban san me na gani a yashin nan ba, na tambayi malamai da dama ba tare da na ce ni ne ba, kowa da abin da ya faɗa. Ban sake zuwa bakin kogi ba, ko da rani. Amma tsufa ya zo, kuma na san ƙetarewar da ke gabana ba ta da makawa, in na tuna wanda ke jirana sai tsigar jikina ta tashi. Don Allah jama'a, in an ba ku saƙon da ran wani ke rataye a kai, kuka ga ba za ku iya ba, ku dawo ku ce ba ku iya ba. Da na faɗi haka, dariya kawai za a yi mini.