Minti Goma Sha Biyar na Papa Dikonge

Shekara ashirin da takwas Papa Dikonge ya yi yana juya majigi a wani gidan silima a Akwa, nan cikin Duwala, har ranar da aka sayar da ginin aka mai da shi shagon tayil. Ni na san shi ne a ƙaramin gidan rediyon da nake kula da sauti, lokacin da aka ba shi minti goma sha biyar duk Asabar da la'asar don ya yi sharhin tsofaffin finafinai.

Mai ɗaukar nauyin shirin ita ce Madam Ngassam, dillaliyar giya a unguwar Deido. Sharaɗinta ɗaya ne: kowane fim sai an faɗi wiskin da ya dace a sha ana kallonsa. Shi kuwa Papa likita ya raba shi da giya tun da gyambon ciki ya kwantar da shi. Sai dai ya buɗe kwalba ya sansana, ya yatsina fuska.

"Wannan warin hayaƙi take yi, kamar rigar mai gasa kifi," in ji shi. "Me zan ce a kanta, 'yata?"

"Ka ce ƙamshi, Papa, kada ka ce wari."

Akwai wani fim na leƙen asiri, marar launi, da ya haska fiye da sau ɗari biyu. Babu harbi a ciki sai sau ɗaya. Wani tsohon jami'i ne ke neman wanda ke sayar da sirrin ofishinsu, alhali abokinsa ne na ƙuruciya. Mako uku Papa yana shirya sharhinsa, ya cika shafi tara na littafin makaranta, ya zo ranar da kwat da laktaye a cikin wannan zafin.

Tallar Madam ta cinye minti huɗu. Yana cikin shafi na biyu waya ta shigo.

"Papa, kwalbar nawa ce? Akwai 'yar ƙarama?"

Ya ci gaba da karatunsa. Mai kira na biyu ya tambaya ko wiskin yana tafiya da miyar ndole. Na uku, wani ɗan acaba, ya ce, "Tsoho, fim babu duka babu mota, wannan ai zaman makoki ne."

Na ga jijiyar goshinsa ta tashi. Ya rufe littafin, ya matso da baki kusa da makirufo.

"Kuna son ku ji wiski? To, a fim ɗin nan mutum ɗaya ne ya sha wiski, kuma shi ne maci amanar. Mutumin kirkin shayi yake sha. Ku je ku sha shayi!"

Kafin in yi wani abu, wata waya ta shigo. Muryar tsohuwa ce, ta ce sunanta Mama Endale, ita ce ke sayar da gyaɗa a ƙofar silimar a da.

"Dikonge, ka yi kuskure. Ka ce jami'in ya ƙona wasiƙar abokinsa. Bai ƙona ba, a aljihu ya sa."

"Uwata, sau ɗari biyu na haska fim ɗin nan!"

"Kai kana sama kana fama da canjin faifai, ni ina bakin labule ina kallo. A aljihu ya sa."

Lokaci ya ƙare suna musu. Litinin da safe Madam Ngassam ta zo da kanta ta kwashe kwalabenta. Ta ce ba ta ba da kuɗinta don a tallata shayi ba. Aka ba wani mai maganin basir minti goma sha biyar ɗin.

Abin mamaki, rasa shirin bai dami Papa ba kamar maganar wasiƙar. Ya karaɗe kasuwanni yana neman fim ɗin. Wanda ya samo a wurin wani mai tsofaffin kaset a unguwar New Bell an yanke ƙarshensa, an naɗi bikin auren wasu a kai. Jikarsa ta duba masa a waya, aka ce ba a nuna shi a ƙasarmu.

A ƙarshe ya nemi gidan Mama Endale a Bonaberi, can ƙetaren kogi. Yanzu duk Lahadi bayan coci yakan haye gada ya je, ta ba shi kujera da miondo, wato dafaffen ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye, su ɗora daga inda suka tsaya. Na raka shi sau ɗaya. Ya zana mata ɗakin da ke cikin fim ɗin a takarda, ga murhu, ga tebur, ga inda jami'in ya tsaya. Ta duba ta miƙa masa abinsa.

"Ka iya zane, Dikonge. Amma a aljihu ya sa."

A tasi muna dawowa, da muka kai tsakiyar gada sai Papa ya leƙa gaba.

"Ka ga matar nan, da gangan take yi," ya ce wa direba, wanda bai san zancen da ake yi ba.