Hannun da Ya Cafe Ɗan Farina

Mu a Katsina, mace ba ta kallon ɗan farinta a gaban mutane. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka sai an ce mata "ke, ba shi nono" tukuna ta ɗauke shi, fuska a ɗaure kamar an ba ta ajiyar wani. A gida wannan ba komai ba ne, tunda uwarki na nan, kannenki na nan, hannun da zai ɗauke shi naki ne ko da ba a jikinki yake ba. To ni a Tamale na haifi nawa.

Maigidana fataucin goro yake yi, shi ya kawo ni, muka kama ɗaki a unguwar Zogbeli, gidan wata tsohuwa 'yar Dagwamba. Shekarar ce ƙasar ta sake suna, Turawa na ta haɗa komatsansu, maza ba su da zance sai na sabuwar tuta. Ni tutar ba ta dame ni ba, ciki ne da ni. Hanyar gida ta yi nisa, ba a kai ni haihuwa wurin uwata ba. Tsohuwar nan ita ta yanke cibi, ita ta dafa mini ruwan wanka, ita ta riƙa murza yaron da man kaɗe har yana ƙyalli. Ban ce ba ta kyauta ba. Ta kyauta. Sai dai wanda ya ba ka aron tabarma bai kamata ya kwanta a kai ba.

Ita ba ta san kunyar ɗan fari irin tamu ba. Ta ga ina kau da kai, sai ta ɗauka ƙuruciya ce ko rashin so. Da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji, takan ce, "Amariya, kai ba ka son yaron ka? Kawo, ni ina so." Ta saɓa shi a baya ta tafi.

Dariyarsa ta farko ita ya yi wa. Ina bakin murhu na ji ƙyalƙyalar, muciya ta kusa suɓuce mini, amma ban juya ba. Zama ma a wurinta ya koya: ta dasa shi cikin wata babbar ƙwarya, ta tottokare shi da tsummoki, tana tafa masa hannu tana waƙa da yarensu. Haƙorin farko kuwa, yatsanta ya ciza. Ta bi ɗaki ɗaki tana nuna wa matan gidan yatsan, kamar wadda sarki ya sa wa zobe. Ni da ya kwana biyu yana gatsa mini a nono, wa zan gaya wa?

Da ya fara rarrafe, ƙofarta ya nufa. Sai in ga ɗuwawunsa suna ɓacewa bayan labulenta, in ci gaba da tsintar shinkafa, ina watsar da mai kyau ina barin tsakuwa.

Na ce a raina, duk ta kwashe, amma tafiya tawa ce. Da hantsi, in ta tafi kasuwa da daddawarta, sai in saki asabari, in tsayar da shi jikin gado, in ja da baya in durƙusa. "Tata, tata," a hankali, kada maƙwabta su ji. Ya dube ni ya yi dariya, ya zauna daɓas. In sake tayar da shi. Haka muka yi ta yi har gwiwoyina suka yi kanta, bai taɓa ɗaga ƙafa ba.

Ana cikin haka goggon maigidana ta iso daga gida a motar fatake, ta zo ganin jika. Mace ce mai ido. Tun a daren farko ta ce wa ɗan wanta, "Yarinyar nan an yi mata tarbiyya. Ƙasar wasu ba ta cinye mata kunya ba." Na ji daɗin maganar, don na san har kunnen uwata za ta kai.

Wata la'asar muna tsakar gida, goggo a kan tabarma tana jan carbi, tsohuwar tana gefe tana ɓare gyaɗa, ni ina tankaɗe. Yaron ya dafa turmi ya miƙe. Sai ya saki. Ya tsaya yana rawa kamar ɗan maraƙi, ya ɗaga hannuwa biyu, ya zuba mini ido. Ya taka. Ya ƙara takawa. Ni yake nufowa, bakinsa a buɗe, yana jiran in durƙusa kamar yadda muka saba a ɗaki.

Goggo ta daina jan carbi. Ina jin idonta a ƙeyata.

Na mai da fuskata kan rariya.

Ya yi tangaɗi zai kifa, tsohuwar ta watsar da gyaɗarta ta cafe shi, ta ɗaga shi sama ta rangaɗa guɗa. "Ya yi tafiya! Ya zo wurin ni!" Matan gida suka fito, aka yi ta shewa, wata ta ce ai dama ɗan tsohuwar ne, Amariya nono kawai take ba da aro. Goggo ta gyaɗa kai ta ce mini, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Na ce amin, na ci gaba da kaɗa rariyar da babu sauran gari a ciki.

Tsohuwar ta rasu tuntuni, Allah ya ji ƙanta, har ta mutu tana ba da labarin ranar da yaron ya taka ya zo gare ta. Shi ma haka ya tashi da ji, haka yake gaya wa 'ya'yansa. Ban taɓa gyara masa ba, ba a wannan zancen da ɗan fari. Amma ni ce a gabansa ranar. Gyaɗarta tana can wajen hagu, yaron kuwa ko sau ɗaya bai dubi hagu ba.