Tawadar Mahaifinmu

Shekara goma sha tara ina haɗa wa mahaifinmu tawada. Malamin allo ne a wani ƙauye kusa da Gagarawa, ni ne babban ɗansa, kuma tun da idonsa ya fara rauni ba ya son tawada sai mai baƙi wuluk. Ni ke ƙona icen aduwa in daka gawayin, ni ke hawa babur ranar Alhamis in je Maigatari in zaɓo ƙaro mai haske, in jiƙa, in tace, in cika masa kurtu. A duk shekarun nan ban taɓa jin ya ce ta yi kyau ba. In ta yi, sai ya tsoma alƙalami ya ci gaba da rubutu, shi ke nan.

Ƙanena kuwa boko ya yi mai zurfi, yana koyar da kimiyya a Kano. Wata Babbar Salla ya zo gida, muna zaune a zaure bayan la'asar, Baba ya ɗauki ɗan ƙaro yana juyawa a hannu. Ya ce abin yana ɗaure masa kai: ga shi da danƙo, amma komai yawansa a ruwa ba ya yauƙi, karkashi kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi ya ja zare. Ban san yana da wannan tambaya a ransa ba. Ni dai bai taɓa yi mini ita ba.

Ƙanena ya ce, "Baba, ara mini carbinka." Ya sake shi a tafin hannu, carbin ya nannaɗe ya zama ɗan tuli. Ya ce ƙaro da karkashi da ledar da muke ƙulla kaya duk sarƙoƙi ne ƙanana da ido ba ya gani, ƙwaya bayan ƙwaya kamar carbin nan. Wata sarƙar tana da laushi, tana lanƙwasa ta dunƙule. Wata kuma tana da tauri, ba ta yarda ta naɗe. Ya zaro karan dawa biyu daga danga ya giciye su, ya ce irin wannan a miƙe take zama, ta ci wuri, ta harɗe da 'yan uwanta. Ta ƙaro mai rassa ce, a dunƙule take, shi ya sa take gangarowa daga bakin alƙalami kuma ta riƙe gawayi a jikin allo. Ta karkashi doguwa ce, ba ta dunƙulewa haka, sai ta ja zare.

Baba ya yi ta jinjina kai yana tasbihi. Har ya kira maƙwabcinmu ya sa a maimaita masa. Ya ce, "Ka ji ilimi! Shekara sittin ina rubutu da abin nan, sai yau yaron nan ya nuna mini cikinsa."

Yaron nan fa bai taɓa daka gawayi ba. Ko turmin bai san inda muke ajiye shi ba. Na zauna ina murmushin yaƙe. Kishi ne, ba zan sake masa suna ba.

Na ji bayanin duka, amma kishi ya zaɓar mini abin da zan riƙe. Na ce a raina, in doguwar sarƙa mai tauri ita ce ke harɗewa, ai ta fi riƙo. Zan haɗa tawadar da ba a taɓa yin irinta a ƙasar Gumel ba, in ga ko carbi zai iya wannan. Washegari na roƙi matata garin karkashi. Ta ce miya zan yi? Na ce ta ba ni kawai. Na rage ƙaro, na zuba ruwan karkashi, na dama. A ƙwarya ta yi kyau, har da sheƙi.

Da hantsi Baba ya ɗauki allo, ƙanena na gefensa. Ya tsoma alƙalami ya ɗaga, sai ga baƙin zare ya biyo shi tun daga bakin kurtu, ya tsinke a kan farar rigarsa ta Salla. Ya sake gwadawa. Harafin farko ya ja wutsiya ya shiga na biyu. Ya shinshina kurtun, ya dube ni.

"Me ka zuba a ciki?"

Na faɗa masa. Ƙanena ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Da ya yi dariyar a fili da ya fi mini sauƙi. Baba bai yi faɗa ba. Ya wanke allon, ya miƙa wa ƙanena kurtun ya ce, "Kai da ka san cikinta, haɗa mini kafin ka koma."

Ƙanena ya same ni a bayan gidanmu, ya ce, "Yaya, don Allah ƙaro nawa ake zubawa? Kuma yaya ake gane gawayin ya daku?" Na ce ai shi ne mai ilimin, ya auna da iliminsa. Na kama babur ina gogewa, ko ƙura babu a jikinsa.

Ya haɗa gora guda ya koma Kano. Tawadar ta fito fari-fari, tsululu, tana bushewa tana kaɗewa daga allo. Kallo ɗaya na yi mata na san abin da ya rage: ƙaro cikin tafin hannu, da daka na rabin yini. Baba bai kushe ta ba. Duk wanda ya shigo zaure sai ya ce masa ta ɗansa ce na Kano.

Wata biyu goran ya yi. Kullum da safe ina wucewa in ga Baba ya kawo allo dab da hancinsa, yana maimaita harafi sau biyu, sau uku, idonsa na zubar da ruwa. Ina da ƙaro a ɗaki, ina da dakakken gawayi. Jira nake ya kira ni ya ce tawa ta fi. Bai kira ba, ni kuma na bar tsoho mai raunin ido yana laluben rubutunsa har goran ya ƙare.