Bakin Begilar Kawu

Shekarun da aka ba mu jiha, kowane hedimasta ya tashi da son a ji badujalar makarantarsa ranar fareti. Aka zaƙulo tsofaffin begiloli daga sito, wasu sun lotse, wasu babu baki, wasu zanzaro ya yi gida a ciki. Ni kuwa maƙerin fari ne a Jega, zobe da warwaro na gada, sai ga shi an mai da ni likitan kayan busa.

Ba a kawo mini begila sukutum. Abin da ya lalace ake aiko mini, baki ko ƙusa ko ɗan murfi, in ƙera irinsa in mayar ta gidan waya. A nan gwanintata take, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Tagulla ba ta son gogayya, bakin begila in ya lotsa kaɗan sai iska ta riƙa zurarewa. Nakan naɗe kowane ƙarfe shi kaɗai a auduga, in ɗaure da zare, in jefa a gwangwanin madara da nake karɓa kyauta wurin mai shayi. Sauran wurin in cika shi da ƙaiƙayi, don ba shi da nauyi a sikeli. In ɗinke da tsumma, in rubuta suna da biro, sannan in girgiza a kunne. In na ji motsi, sai na kwance na sake. Ma'aikacin gidan waya yakan ce da ana tsaga kan sarki biyu da ni zan fara. Ni dai dariya nake, a raina yabo ne.

Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon soja ne mai busa begila, yana zaune a Mungadi. A hannunsa na yi shekara shida bayan rasuwar babana. Wata rana sai ga shi a maƙerata, ya rame, tari ya ci ƙirjinsa. Ya kwance bakin rigarsa ya ajiye mini wani tsohon baki da ya tsage gida biyu.

“Ɗana, ka yi man irin wanga,” ya ce. “Shekara tara ban ji muryatta ba. Ina son in husa ta ko sau guda kahin in tahi.”

Na ce, “Haba Kawu, ina za ka? Sati guda ka gan shi.”

Sati ya zama wata biyu. Aikin makarantu ya sha mini kai, shi kuwa na gida ne, na gida ai yana jira. Da na zauna na yi shi, na yi shi da kyau, na goge har ina ganin hancina a jiki. Ranar ƙaiƙayina ya ƙare, sai na shiga gida na ɗebo gero na cika gwangwanin, tunda gero ya ma fi riƙe ƙarfe. Amma gero nauyi gare shi, na san sikeli ba zai raga mini ba. Sai dabara ta zo: motocin albasa na Aliero kullum suna bi ta gabana su yi kudu, kuma akwai direban da na taɓa yi wa matarsa awarwaro. Na miƙa masa. Ban rubuta ko harafi a jikin tsumman ba, don me, tunda hannu da hannu ne? Na dai ce, “Ka ce a kai wa tsohon soja, bakinsa ne a ciki.”

Direba ya bar wa mai faci a Maiyama, mai faci ya ba wani mai keke da zai shiga ƙauye. Ni kuwa na koma kan aikina ina jin daɗin na aika kaya ba ko sisi. Da na ji shiru har haushi na ji, na ce tsoho ko sannu. Ina da saurin fushi, kuma ba ya daɗewa bai sami dalili ba.

Bayan sati bakwai aka aiko Kawu ya rasu. Ban sami jana'iza ba, sai zaman makoki. Da mutane suka ragu, Inna, matarsa, ta aiko in shiga. Tana zaune a ɗakinsa, ba ta amsa gaisuwata ba. Ta miƙa hannu bayan tukunya ta ɗauko gwangwanina, an farke ɗinkin an mayar da murfi, ta dire a gabana.

“Ɗauki abinka,” ta ce. “Mutumin da yar riƙe ka shina kwance, ka rasa abin da za ka aiko mai sai hatsi cikin gwangwani? Anka ce man wai na bakinai ne, shi samu abin sa wa baka. Mu mabarata ne? Ɓoye shi niy yi, don kar shi gani ranai shi ɓaci.”

Na ja tabarma na kife gwangwanin, gero ya watse, ƙullin audugar ya faɗo. Na tsinke zaren da haƙori. Tagullar tana nan yadda na goge ta, ko ƙwarzane babu.

Inna ta daɗe tana kallon bakin begilar. Ta sa hannu ta taɓa, ta janye. Begilar na rataye a ƙusa saman gadonsa, an goge ta tas, da gani ba a daɗe da goge ta ba. Na sauke ta na zura bakin, ya shige ya zauna daram. Ban taɓa yin aikin da ya yi daidai kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

“Nan ɗakin gwangwanin shike,” ta ce. “Taki ukku daga kainai. Kullum in ya ji ƙarar keke sai shi ce in leƙa. Ni ko in dawo in ce mai ba ka aiko komi ba.”

Na tambaye ta ko ya yi fushi da ni. Na so ta ce ya yi, da zagi ya fi mini sauƙin ɗauka.

Ta share ido da gefen mayafi. “Ni ce nike zaginka. Shi ko sai shi ce, ‘Ƙyale yaron nan, aiki ne yay yi mai yawa. Bai mance ni ba.’”